Tun 2013 Ana Jiran GTA VI

A wani gidan gem da ke Agege a Legas, kusa da layin dogo, musun da ke biye wa na ƙwallo a zafi shi ne na GTA VI, gem ɗin bidiyon da ake jira daga kamfanin Rockstar. Yaran da suka murza GTA V a na'urar PS3 da fitowarsa a Satumbar 2013, wasunsu yanzu magidanta ne, magajinsa kuwa shiru.

Da ba haka ake yi ba. Kamfanin Rockstar ya saki GTA III a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004. Aikin ne ya kumbura daga baya. Yanzu gari sukutum ake ginawa cikin kwamfuta, da titunansa da jama'arsa, a naɗi muryoyi, a ɗauki motsin jikin 'yan wasa da na'ura. Red Dead Redemption 2 sai da ya ci kusan shekara takwas kafin ya fito a 2018. Akwai kuma dalilin da masoya ba sa son ji: GTA Online, ɓangaren GTA V da ake bugawa ta intanet, bai daina kawo kuɗi ba, to gaggawar me kamfani zai yi?

An nuna tallar GTA VI ta farko a Disambar 2023, aka ce zai fito a 2025. Aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba.

Masu kare jinkirin kullum gem ɗin Cyberpunk 2077 suke jawowa, suna cewa sauri ya haifi nawa. Gaskiyarsu, ya fito a Disambar 2020 da kurakurai birjik, har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet na wata shida. Sai dai sukan manta tun 2012 aka sanar da shi. Duke Nukem Forever ma daga 1997 zuwa 2011 aka yi ana dakonsa, ya zo ya ba da kunya. A ganina yawan shekaru ba ya nuna aiki. Wani lokacin rushewa da sake gini ne ke cinye su.

Mu a Legas jiran har da asara. A 2013 dala ba ta wuce naira 160 da ɗoriya ba, a 2024 ta haura 1,500. Sabon gem ɗin kuma ba zai hau PS4 ba, sai PS5 ko sabon Xbox.

"Maigida, in ya fito za ka saya mana?" in ji wani yaro yana goge hannun gem da gefen rigarsa.

Mai shagon ya dubi PS4 ɗinsa guda huɗu, ya dubi jarkar man janareta. "Kai dai biya kuɗin bol ɗin da ka buga tukuna. Sai na leƙa kasuwar Computer Village na ji farashi."