Karayar zaizayar ƙashi a tsakanin tsofaffin maza da mata

Zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, cuta ce da ke rage ƙwarin ƙashi har ya karye a faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, kamar zamewa a wurin alwala ko tuntuɓe a bakin ƙofa. Ba ta zuwa da zafi. Tana cin ƙashi daga ciki kamar yadda gara ke cin azara, ba a farga ba sai ranar da ya karye. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin gane ta: idan awon ƙwarin ƙashi da na'urar ɗaukar hoton ƙashi ta DXA ya nuna maki -2.5 ko ƙasa da haka, a ma'aunin da ke kwatanta ƙashin mutum da na matashi mai lafiya. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 na waɗanda suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya.

Mata ne suka fi karyewa. Ƙashi yana kai matuƙar ƙwarinsa ne wajen shekara 30, kuma na mace tun asali bai kai na namiji kauri ba. Idan al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, sinadarin estirojin mai tsare ƙashi yana raguwa, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa da sauri na tsawon shekaru. Karayar wuyan hannu ce takan fara bayyana, lokacin da mace ta dafa ƙasa don ta tare faɗuwa. Daga baya ƙasusuwan baya sukan lotsa, tsawo ya ragu, baya ya ranƙwafa. Galibin wannan lotsawar ba a gano ta a asibiti, sai dai a ce tsufa ne ya kama Iya.

Namiji ba shi da wannan gangara ta farat ɗaya. Ƙashinsa yana raguwa sannu a hankali, shi ya sa karayarsa takan zo a makare, da tazarar shekaru tsakaninsa da mace. Amma idan ta zo ta fi muni. Kusan kashi 30 cikin 100 na karayar kwatangwalo a duniya maza take samu, kuma haɗarin mutuwarsu a shekarar farko bayan karayar ya kusa ninka na mata. Sau da yawa karayar tana tarar da su da ciwon zuciya ko na huhu, ga shi kuma ba kasafai ake auna ƙashin namiji ko a ba shi magani ba, saboda an ɗauka cutar ta mata ce. Wannan kuskure ne mai jawo asarar rai. A wajen maza da yawa akwai wani sanadi a ɓoye: shan taba, giya, ƙarancin sinadarin mazantaka na testosteron, maganin sankarar furostet (wata gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar namiji) mai danne wannan sinadari, ko daɗewa ana shan magungunan rage kumburi irin su firednisolon da deksametason. Na ƙarshen nan ya shafi mata ma, domin akwai masu sayensa a kemis don neman ƙiba.

A Zariya, kamar sauran ƙasar Hausa, iyalai da yawa sukan fara kai wanda ya karye wurin mai ɗori. Karayar kwatangwalo ta fi ƙarfin ɗori. Karyewar tana can ciki, a saman ƙashin cinya, inda kara da tsumma ba sa iya riƙewa, kuma yawanci tiyata take buƙata cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsohon da aka kwantar makonni yana jiran ƙashi ya haɗe yakan gamu da ciwon huhu, gyambon kwanciya da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, kuma waɗannan ne suka fi kisa. Akwai sashen ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Ƙasa a Dala, Kano.

Maganin zaizayar ƙashi ɗaya ne ga maza da mata: ƙwayoyi irin su alendironet masu rage zaizayar, tare da isasshen kalsiyam da bitamin D. Nono, kindirmo, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna ba da kalsiyam, hasken rana kuma bitamin D, abin da ya kamata a kula da shi ga tsohuwar da ba ta cika fitowa tsakar gida ba. Tafiya a ƙasa tana ƙarfafa ƙashi, gyaran ido da fitila a hanyar banɗaki suna rage faɗuwa. Duk wanda ya taɓa karyewa sau ɗaya bayan shekara 50, namiji ne ko mace, haɗarin sake karyewarsa ya kusa ninkuwa.