Bairas ɗin saitomegalo da garkuwar jikin jarirai

Saitomegalo, wanda likitoci ke taƙaitawa da CMV, bairas ne daga dangin hapis, dangi ɗaya da mai haddasa farankama. Idan ya shiga jikin mutum ba ya fita, sai ya lafe har ƙarshen rayuwa. Jarirai kan ɗauke shi tun a ciki, ko lokacin haihuwa, ko ta nonon uwa, yawu da fitsari. Galibinsu ba sa nuna wata alama.

Tarihi

Ana danganta fara lura da cutar ga Hugo Ribbert, likitan Jamus, wanda wajen 1881 ya ga wasu ƙwayoyin halitta da suka kumbura fiye da kima a ƙodar jaririn da aka haifa babu rai. An daɗe ana zaton wata ƙwayar cuta ce daban. Sai tsakanin 1956 da 1957 Margaret Smith, Wallace Rowe da Thomas Weller, kowa a nasa ɗakin bincike a Amurka, suka ware bairas ɗin. Weller da abokan aikinsa ne suka raɗa masa suna a 1960.

Tasiri a kan garkuwar jiki

Yawancin abin da aka sani game da jariran Afirka ta Yamma ya fito ne daga binciken cibiyar MRC, wato Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya, a Sukuta, ƙasar Gambiya, a shekarun 2000. An gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran sun kamu kafin su cika shekara 1, alhali a Turai da yawa sai sun girma. Kamuwar tana sa wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin T na CD8, su yawaita su kuma balaga da wuri, har su yi kama da na manya. Wannan ya tayar da hankalin masana, domin a jikin tsofaffi irin wannan sauyi ana alaƙanta shi da raunin garkuwa.

Allurar rigakafi

Sakamakon Gambiya ya kwantar da hankali: yaran da ke ɗauke da CMV sun karɓi rigakafin ƙyanda yadda ya kamata. Wani bincike na 2010 a ƙasar ya nuna cewa ɗan uwansa, bairas ɗin Epstein-Barr, shi ne ke da alaƙa da raguwar kariya bayan allurar ƙyanda da ta sanƙarau. A kan sauran allurai, binciken ƙasashe ya saɓa wa juna.

A Afirka ta Kudu kuwa, wani rahoto na 2021 ya danganta kamuwa a shekarar farko da ƙarin haɗarin tarin fuka a ƙuruciya, lamarin da ya cancanci kulawa a duk inda tarin ya yi katutu.

Kamuwa tun a ciki

Ita ce mafi hatsari, kuma tana kan gaba cikin musabbaban kurumtar yara da ba ta gado ba. Har yanzu babu allurar rigakafin CMV da aka amince da ita.