Tayar da tsohon Yamaha DT: tambayoyi kan sauke inji mai bugu biyu da ƙara masa ƙarfi

Kafin su Jincheng da Boxer su cika tituna, babur ɗin da ake shiga daji da shi shi ne mai dogayen ƙafafun nan da hayaƙi shuɗi-shuɗi, wanda aka saba gani a hannun malaman gona da ma'aikatan lafiya na karkara, wato Yamaha DT. Kakansa DT-1 ya fito a 1968, daga baya aka yi ƙannensa DT125 da DT175. Da yawansu yanzu suna jingine a zaure, ƙura ta rufe su. Duk mai niyyar tayar da irin wannan babur, ko takwaransa Suzuki TS, ga tambayoyin da yakan fara cin karo da su.

Mene ne bambancin injinsa da na baburan acaɓa na yanzu?

Na yanzu bugu huɗu ne: sai karanshaf ya zagaya sau biyu kafin mai ya ƙone sau ɗaya. DT bugu biyu ne, kowane zagaye da wutarsa. Ba shi da bawul a sama, ba shi da taimin-cen. Tagogi aka huda a jikin bulok, fistin da kansa yake buɗe su yana rufewa. In ya hau sama sai ya zuƙo fetur da iska zuwa ƙasan inji, inda karanshaf ke juyawa. In ya sauko sai ya matse su, su bi tagogin gefe su hau samansa, su kori hayaƙi ta tagar salansa.

Ke nan ƙasan injin famfo ne, ba ma'ajiyar baƙin mai ba, kuma famfon da ke yoyo ba ya aiki. Baƙin man da ake zubawa ta gefe na giya da kuloci ne kawai. Fistin da kwanrod da boris ɗin karanshaf ba su da abin da ke shafa musu jiki sai man 2T, wato man inji mai bugu biyu, da ke shigowa tare da fetur. Wanda ya riƙe waɗannan biyu, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Ta yaya zan gane lokacin sauke inji ya yi?

Ƙafarka ce za ta fara gaya maka: kik ya zama laushi, ba ya turjewa. In akwai agogon awon kwamfireshon, a gwada da totur a buɗe gaba ɗaya. Lafiyayyen inji irin wannan yakan kai wajen 120 a ma'aunin psi, in ya faɗi ƙasa da 100 to ya gaji. Sai ka kwance salansa, ka haska tagar da tocila. Za ka ga jikin fistin da ringi ba tare da ka taɓa ko noti ɗaya na bulok ba. Zane-zane a tsaye, kamar an ja ƙusa, alama ce ya taɓa kamawa.

Bayan an cire bulok, kama kwanrod ka ja shi sama ka danna ƙasa. Ɗan wasa gefe da gefe ba laifi. Amma in ka ji motsi sama da ƙasa, komai ƙanƙantarsa, boris ɗin gindinsa ya tafi, sai an raba injin biyu. Sabon fistin a kan mataccen kwanrod asarar kuɗi ce.

Ringi kaɗai ya isa, ko sai an yi borin, wato an fafe ramin bulok?

Ido ba ya yanke wannan hukunci, awo ne. Faɗin ramin DT175 milimita 66 ne, na DT125 milimita 56, dukansu tafiyar fistin milimita 50. Ratar da ake so tsakanin fistin da bulok ba ta wuce wajen milimita 0.04 zuwa 0.05 ba, wato ba ta kai kaurin takarda ba. In ta kai 0.1, fistin zai riƙa kaɗawa, ka ji ƙaras-ƙaras da safe kafin inji ya yi zafi. Bulok yana cinyewa ne a kusa da tagogi fiye da ko'ina, don haka a auna sama da tsakiya da ƙasa.

In za a yi borin, a fara sayen fistin, a kai wa mai borin tare da bulok ya yanka daidai da shi. Fistin masu ƙarin girma suna zuwa ne hawa-hawa: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. Kada ka yi tsalle zuwa na ƙarshe da sunan ƙara ƙarfi. Milimita ɗaya a DT175 bai ƙara maka fiye da cc biyar ko shida ba, kuma ka cinye rayuwar bulok ɗin a zama ɗaya.

Abin da aka fi mantawa: bayan borin bakin tagogi yana zama da kaifi kamar wuƙa. Dole a goge kaifin da siririyar zarto, in ba haka ba ringi zai riƙa tuntuɓe da shi har ya karye. Sai a saka ringi shi kaɗai cikin bulok a auna ratar bakinsa, wajen 0.3 zuwa 0.5. Kibiyar da ke kan fistin tana kallon salansa. Bakin kowane ringi ya zauna a kan ɗan ƙarfen da ke cikin raminsa. Kilif ɗin fin ɗin da ke haɗa fistin da kwanrod kuma a sa sababbi, tsoho in ya fita zai yi ɓarnar da ta ninka kuɗinsa sau ɗari. Wannan duk maganar bulok mai ƙarfe a ciki ce. Baburan tsere da suka zo daga baya, irin su Yamaha YZ da Honda CR, bulok ɗinsu shafe yake da wani siririn rufi mai tauri, ba a yi masa borin, sai dai a sake shafawa.

An sa sabon fistin, bai yi sati biyu ba ya sake kamawa. Jabu aka sayar mini?

Yana yiwuwa, jabu ya yi yawa a kasuwa. Amma sau tari fistin ba shi da laifi, abin da ya kashe na farko ne ya kashe na biyu, kuma yawanci iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba.

Karanshaf yana da oyil-sil biyu. Na ɓangaren magneto in ya bushe, inji zai riƙa zuƙar iska ta nan, mai ya yi ƙaranci, zafi ya yi yawa. Alamarsa: ka saki totur amma inji ya ƙi saukowa silo da wuri, ko silo ya riƙa hawa da sauka da kansa. Na ɓangaren kuloci in ya lalace, man giya yake zuƙa. Sai ka ga farin hayaƙi mai kauri da wari daban, fulogi yana jiƙewa, man giya yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Babur ɗin da ya yi shekara goma a jingine, ka ɗauka duka biyun sun mutu. Haka robar da ke haɗa kafireta da bulok, tana tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani.

Ni kaina na taɓa ƙona fistin biyu a jere kafin wani dattijon makanike ya ce mini, "Yaro, ba ka tambayi injin ba, kana ta ba shi magani." Ya toshe tagar salansa da guntun tsohon tif da faranti, ya toshe bakin kafireta da katako mai ɗan bututu, ya ɗauko famfon awon hawan jini ya hura har allurar ta kai 260, wanda ya yi daidai da psi biyar. Muna tsaye allurar ta fara zamewa. Ya ɗiga ruwan omo a bayan magneto, sai ga kumfa tana tasowa. Sil ɗin da bai kai kuɗin ringi ba. Lafiyayyen inji zai riƙe wannan iska minti biyar allura ba ta motsa ba. Kada a hura fiye da psi biyar ɗin, za a iya turo sil waje.

A duba rid ma, 'yan siraran harsunan nan da ke bayan kafireta, waɗanda Yamaha ta fara sa wa baburanta na daji a farkon shekarun 1970. Ɗaga shi ka kalli haske. In haske na ratsawa ta bakin harshe, ko gefensa ya ɓantare, babur zai yi wuyar tashi kuma ba zai ja a ƙasa ba.

In cire famfon 2T in riƙa haɗawa a tanki?

Famfon Yamaha, wanda suke kira Autolube, tun shekarun 1960 yake, kuma ba kasafai yake mutuwa ba. Abin da ke kashe inji shi ne tiyo da ya tsage, ko waya da ba a saita ba, ko iska da aka bari a cikinsa bayan an kwance. Ni ra'ayina a gyara shi a bar shi. In ka dage sai ka cire, to ka toshe ramin da man ke shiga, ka kuma riƙe lissafi: kashi 32 na fetur da ɗaya na mai yana nufin wajen mililita 31 a kowace lita, kashi 40 kuma mililita 25. Sirinjin asibiti ya fi murfin gora gaskiya.

Mai Suzuki TS ya yi hattara. A yawancinsu famfon yana kai mai kai-tsaye ga boris ɗin karanshaf, cire shi ba tare da gyara ba yana barin boris a bushe. Kuma baƙin man mota ba madadin 2T ba ne, kunkunniya kawai yake tarawa.

Ina ƙarfin yake ɓuya ne, tun da an ce kada a yi gaggawar fafe bulok?

A kafireta. Hanyoyin fetur uku ne, kowace da rabonta. Ƙaramin jet da sukurun iska suna riƙe da silo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na totur. Allura tana riƙe da tsakiya. Babban jet yana karɓa daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe. Kilif ɗin allura yana ruɗa mutane: in ka mayar da shi sama, allura ta sauka, mai ya ragu, in ka sauko da shi, mai ya ƙaru.

Kullum a fara da mai da yawa a riƙa ragewa. Inji mai yawan mai yana ɓarɓarniya, kamar mai kurkure baki, iyakar ɓarnarsa jiƙa fulogi. Mai ƙarancin mai yana shaƙewa in ka murɗa, wani lokaci ma ya fi daɗin gudu, sai dai daɗin ba ya daɗewa. Sa sabon fulogi, B8ES na NGK shi ne aka saba, ka ja babur a giya mai nauyi da totur a buɗe, ka kashe nan take ka riƙe kuloci, ka cire ka duba. Kalar ƙuli-ƙuli ake so. Fari fat, ƙara girman jet. Baƙi a jiƙe, rage.

Yanayi yana canza lissafin. Iskar sanyin hunturu ta fi ta bazara nauyi, don haka babur ɗin da aka saita a zafin Afrilu zai iya yin ƙarancin mai da asubahin Janairu. Wanda aka saita a Jos, mai tsawon kusan mita 1,200 daga teku, in ya sauko Kano zai so ƙarin mai. Soson tace iska kuma a wanke, a shafa masa mai, a matse. Ƙurar hunturu in ta wuce shi, ita da man 2T suna zama kamar dutsen wasa wuƙa a jikin ringi.

Salansa fa? An ce in an cire abin cikinsa gudu yana ƙaruwa.

Ƙara ce ke ƙaruwa. A inji mai bugu biyu, siffar cikin salansa rabin injin ne. Hayaƙi in ya fita, wajen da bututun ke buɗewa yana janyo ragowarsa daga bulok, wajen da yake tsukewa kuma yana mayar da bugun iska baya, ya tura sabon man da ya tsere ya koma ciki kafin fistin ya rufe taga. Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas shi ya ƙware a wannan dabara a shekarun 1950. A 1961 matuƙinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma, ya koma Suzuki, ya ci gasar duniya ta 50cc a 1962.

Don haka mai walda ba zai ƙera maka shi da ido ba. Abin da tsohon DT ya fi bukata shi ne a ƙone kunkunniyar shekaru da ta toshe salansar, a kankare tagar, a ciro lotsawar da duwatsu suka yi. Wannan kaɗai yakan dawo da ƙarfin da mai babur ya manta yana da shi.

To fafe tagogi da rage hed, ba a yi ke nan?

Ana yi, amma a ƙarshe, kuma da sanin abin da za a rasa. Ɗaga tagar salansa yana mayar da ƙarfi zuwa sama, ya kwashe na ƙasa. Milimita ɗaya a nan babban yanka ne. Babur ɗin da zai shiga yashi da burji ƙarfin ƙasa yake nema. Faɗin tagar kuma kada ya wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari na faɗin bulok, don ringi. Abin da ba shi da haɗari shi ne share kurajen da suka rage daga zubin ƙarfe, da yanke gasket ɗin da ya leƙo cikin hanya.

Kafin a taɓa hed, wato murfin saman bulok, a zura wayar dalma ta ramin fulogi har ta taɓa gefe, a juya inji fistin ya latse ta, a auna. Kaurinta shi ne ratar da ke tsakanin fistin da hed, kusan milimita ɗaya ake nema. Matsewa fiye da kima, ga fetur ɗin bumburutu da aka surka da kananzir, shi ke sa inji ya riƙa ƙyas-ƙyas kamar tsakuwa a gwangwani, har ya huda kan fistin. Mai son ja kawai, ya rage haƙori ɗaya a sufuroket na gaba, daidai yake da ƙara kusan uku a na baya.

Yaya ake lallaɓa shi bayan an haɗa?

Tayar da shi ya yi zafi, kashe, bar shi ya huce sarai. Yi haka sau uku, sannan ka sake ɗaure notinan hed, a gicciye. In da famfo, zuba ɗan 2T a tankin farko har ka ga mai ya cika tiyo babu kumfar iska. Tanki ɗaya ko biyu na farko kada totur ya wuce rabi zuwa kashi uku cikin huɗu, kuma kada a riƙe shi wuri ɗaya, a riƙa hawa ana sauka. In ka ji inji ya fara nauyi ko sautinsa ya canza, damƙi kuloci nan take ka tsaya a inuwa. Bayan tanki na biyu ka cire salansa ka sake haska fistin. In babu zane, sa sabon fulogi ka fita awon babban jet.