Mace da Haraji: Daga Oloko zuwa Rumfar Kasuwa

A watan Nuwamban 1929, ɗan aiken wani hakimi ya shiga gidan wata mata, Nwanyeruwa, a Oloko da ke kudu maso gabashin Najeriya, ya ce ta ƙirga masa mutanen gida da awaki da tumaki. A lokacin kowa ya san abin da ke bayan ƙirga, domin haka aka yi wa maza kafin a aza musu haraji a 1928. Ta tambaye shi ko an taɓa ƙirga uwarsa, faɗa ya kaure. Kafin shekara ta ƙare dubban mata sun fito daga Aba har Opobo, sojojin mulkin mallaka suka harbe fiye da 50.

A Abeokuta kuwa mata sun daɗe suna biya, tun 1918. Sai da Funmilayo Ransome-Kuti ta tara matan kasuwa a ƙofar fada, har sarkin garin, Alake Ademola, ya sauka daga karaga a Janairun 1949.

Kada a ɗauka Turawa sun gyara nasu gidan. A Ingila, har Afrilun 1990, doka na lissafa kuɗin matar aure a cikin na mijinta. Shi ke cike takardar haraji, ke nan ko ribar ajiyarta ta banki sai ta faɗa masa. Ita kanta Margaret Thatcher haka ta yi kusan duk shekarunta na firaminista. Suwidin ta raba harajin miji da na mata tun 1971, amma Jamus na nan kan tsarinta na 1958: a haɗa albashin ma'aurata, a raba biyu, sannan a yanka haraji. Idan albashin miji ya fi tsoka, duk abin da matar ta ƙaro sai a zaftare shi da ma'aunin babban albashi, har ta ga fita aikin ba ta da wata riba.

Kan audugar mata kuwa, Kenya ta riga yawancin ƙasashe masu arziki: ta cire mata harajin VAT a 2004. Indiya ta bi sahu a 2018, Birtaniya sai Janairun 2021. Najeriya ta yafe shi ga wadda aka ƙera a gida a 2020, a dokar da ta ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari.

A ganina, wanda ya fi cizo a ƙasashe irin namu ba a rubuta shi da sunan mace ba. Galibin mata ba su da albashin da za a zaftare, a kasuwa ake tare su. Mai tikiti ba ya tambayar ciniki. Mai tiren daddawa ta kwance bakin zani ta biya da sassafe, tun ba ta sayar da ko ƙulli ɗaya ba, gobe ma haka, rasit kuwa wani lokaci a ba ta, wani lokaci a ce littafi ya ƙare.