Kafin ka sayi dukushi: tambayoyi da amsoshi kan siffar doki da aikin da ya dace da shi

Da zarar sallah ta ƙarato, ko aka sa ranar naɗin wata sarauta, cinikin dawaki kan motsa a Sakkwato. Ga kuma samari masu kilisa da yamma, kowa na son ya ɗaure nasa. Da yake kuɗin ingarman da ya gama horuwa ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, sai a koma ga dukushi, a saye shi da rahusa a rene shi a gida. Dabara ce mai kyau, amma dukushi bai gama nuna abin da zai zama ba, kuma a nan ake yin asara. Ga tambayoyin da masu saye suka fi yi.

Me zan fara dubawa idan aka fito min da dukushi?

Ka fara da kanka. Me za ka yi da shi? Hawan sallah ne, ko sukuwa, ko ƙwallon dawaki, ko kuwa kilisa kawai? Wanda bai amsa wannan ba, dillali ne zai amsa masa, kuma a bakin dillali kowane doki ya dace da komai.

Sai ka ce a cire masa komai, ba sirdi ba jalala, ragama kaɗai za a bari. A tsayar da shi a kan ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. Kada ka yarda a nuna maka shi cikin rairayi, don rairayi na binne kofato, yana ɓoye karkatar ƙafa. Ka ja baya kamar taku goma ka dube shi ta gefe. Ka raba jikin gida uku da ido: kafaɗa da ƙirji, tsakiya inda sirdi ke zama, sai kuturi. Ana so ukun su yi kusan daidai. Idan tsakiyar ta fi sauran tsawo sosai, bayan zai yi rauni. Idan kuturin guntu ne, ba shi da abin tunkuɗa jiki.

An ce min shekararsa uku. Yaya zan tabbatar?

Buɗe bakinsa. Haƙoran gaba na nono ƙanana ne, farare, masu ɗan wuya kusa da dasashi. Na girma sun fi faɗi da tsawo, launinsu ya ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa. Doki na sauya biyun tsakiya, sama da ƙasa, a wajen shekara 2 da rabi. Na kusa da su a shekara 3 da rabi, na can gefe a shekara 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika. Namiji kan fitar da fiƙa tsakanin shekara 4 da 5. Saboda haka dukushin da ke da haƙoran nono duka bai kai biyu da rabi ba, komai girman jikinsa, komai rantsuwar mai shi.

Tun da bakin na buɗe, duba ko haƙoran sama da na ƙasa suna haɗuwa. Wanda na samansa suka zarce na ƙasa yakan sha wuyar tsinkar ciyawa.

Kuturinsa ya fi gabansa tsayi. Aibi ne?

A dukushi, sau da yawa ba aibi ba ne. Baya kan riga gaba girma, daga bisani gaban ya cim masa. Ɗan shekara ɗaya ya riga ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na tsayin da zai yi, abin da ya rage cikar ƙirji ne da faɗi. Idan ya kai shekara 5 yana nan a haka, to haka zai zauna, kuma sirdi zai riƙa zamewa gaba. In da hali ka ga uwar ko uban, ka je ka gani.

Mene ne ake nema a ƙafafu?

A nan ya kamata mai saye ya daɗe. Kai da wuya su ne ke burge mai kallo, amma ƙafa ce ke raba mutum da kuɗinsa. Ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi ya sa mafi yawan ɗingishi daga can yake tasowa.

Tsaya a gabansa. Ka ɗauka an sako igiya daga kafaɗa zuwa ƙasa: ana so ta raba gwiwa, ƙwauri, idon sawu da kofato gida biyu daidai. Idan kofatan na kallon juna, nauyi zai faɗa a gefen waje. Idan suna kallon waje, ƙafa kan bugi 'yar'uwarta a tafiya, za ka ga tabo a cikin idon sawu. A jariri ɗan kallon waje kaɗan yakan gyaru idan ƙirji ya buɗe. Kallon ciki kuwa yakan ƙaru ne.

Koma gefe. Gwiwar da ta lotsa baya, har ƙafar ta yi kamar baka, ita ce wadda ban ba kowa shawarar ya saya don gudu ba, domin tana matsa wa ƙasusuwan gwiwa da jijiyar baya. Wadda ta ɗan turo gaba ba ta da kyan gani, amma ta fi waccan dama nesa ba kusa ba. Ƙwauri ana son shi gajere, jijiyar bayansa a fili, a miƙe, ba kumburi. Ɗan guntun da ke tsakanin idon sawu da kofato ya kwanta daidai da kwanciyar kofaton. In ya miƙe tsaye, dokin zai riƙa jijjiga mahayi, gaɓoɓinsa su gaji da wuri. In ya yi tsawo ya kwanta da yawa, jijiya ce za ta biya.

A baya, ka duba gwiwar baya: babba, busasshiya, ba ruwa a cikinta. Dawakinmu da yawa gwiwoyin bayansu kan ɗan kusanci juna, kuma in kaɗan ne ba ya hana aiki. Wadda ta lanƙwashe sosai har kofato ya shige ƙarƙashin ciki ita ce abin gudu, musamman ga dokin da za a riƙa yin zamiya da shi, wato tsayar da shi farat ɗaya yana cikin gudu.

Sannan ka shafa kowace ƙafa da hannu daga gwiwa zuwa ƙasa. Zafi, ƙulli, ko wurin da ya janye in ka matsa, duk magana ce. Tabon dabaibayi ya zama ruwan dare a wurinmu, kuma in a fata ya tsaya ba komai. Ka ɗaga kofato ka ga cikinsa: ba wari, ba tsagewa mai hawa sama, kuma na dama da na hagu girmansu ɗaya. Kofato ɗaya da ya tsuke ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta alama ce ta cewa dokin ya daɗe yana sassauta wa wannan ƙafa.

Daga nan a ja shi ya tafi ya dawo, da tafiya sannan da sassarfa, kana kallo ta gaba da ta baya. Mai ciwo a ƙafar gaba yakan ɗaga kai duk lokacin da mai ciwon ta taka ƙasa.

To wane ne na hawa, wane ne na sukuwa, wane ne na ƙwallo?

Dokin hawa ɗaukar kaya ne aikinsa. Ga sirdin gargajiya mai nauyi, ga jalala da kayan ado, ga mahayi da rawani da alkyabba, wani lokaci har da lifidi. Zai tsaya awanni cikin rana, tambura da kakaki na tashi, 'yan bindiga na ɗirka wuta a kusa da kunnensa. Ana nemar masa gajeren baya mai ƙarfi, ƙirji mai faɗi, ƙashi mai kauri, da wuyan da ya fito daga saman kafaɗa don ya iya ɗaga kai ya yi taƙama. Gudu ba shi ne kan gaba ba. Abin da aka saba aunawa da shi shi ne kada kayan da mahayin su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Mai kilo 350 ke nan kilo 70 ne rabonsa, har da sirdi. Mu faɗi gaskiya, a ranar hawa ana wuce wannan sosai, shi ya sa bayan sallah ake samun dawaki da gyambo a gadon baya.

Na sukuwa daban ne. Kafaɗa doguwa mai kwanciya, don ita ke ba shi dogon taku. Ƙirji mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, inda zuciya da huhu suke, ba lallai mai faɗi ba. Kuturi dogo, cinya cike, hanci mai manyan ƙofofi, tun da doki ta hanci kaɗai yake numfashi. A sa shi ya ɗan yi gudu ka saurara: in kana jin gurnani ko fito idan yana jan iska, akwai matsala a maƙogwaro. Ka kuma lura da yadda numfashinsa ke komawa daidai. A hutawa doki na numfashi sau 8 zuwa 16 a minti, zuciya na bugawa 28 zuwa 44. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, dokin da ke daɗewa yana haki ba zai kai ka ko'ina ba.

Na ƙwallo shi ne mai wuyar samu. Kowane zango na wasan minti 7 ne na gudu, tsayawa farat ɗaya, juyawa da gogayya kafaɗa da kafaɗa. Ana son matsakaicin tsayi, gajeren baya, gwiwar baya mai ƙarfi, baki mai laushi da ke jin linzami da hannu ɗaya, da zuciyar da ba ta tsoron sanda. Dokin da ke yawan tuntuɓe ba shi da wuri a nan ko kaɗan. Mutanen Sakkwato ba sa bukatar a gaya musu haɗarin wannan wasa: gwamnan jiharsu na lokacin, Shehu Kangiwa, daga kan doki ya faɗo a filin ƙwallo a Kaduna, ya rasu a watan Nuwamba na 1981.

Na kilisa kuwa, lafiyayyun ƙafafu da sanyin hali sun wadatar.

Na gida ya fi, ko na waje?

Dawakin ƙasar nan da na Nijar, irin waɗanda ke shigowa ta Konni da Illela, jininsu ya haɗa na dawakin Arewacin Afirka da suka ƙetaro Sahara da na Dongola ta ƙasar Sudan. Daga nan suka gaji fuska mai ɗan tudu da kuturi mai gangara, kuma waɗannan ba aibi ba ne, gado ne. Inda suka fi gazawa shi ne ƙuncin ƙirji da raunin ƙugu, sai a lura da su. A madadin haka suna jure zafi, kofatonsu na da tauri, harawa da dusa da gero sun riƙe su. Na Sudan sun fi tsayi da gudu. Na Ajantina su ne sarakunan ƙwallo, amma cinsu da maganinsu da inuwar da suke bukata ba na mai doki ɗaya a turke ba ne.

Launi fa? Ni akawal nake so, wato baƙin doki.

Ba laifi, son launi tsohon abu ne. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya yabi baƙin doki mai ɗan fari a goshi da leɓe, Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son mai fari a ƙafar baya ta dama da ta gaba ta hagu, ko akasin haka. Ka zaɓi launinka, amma daga cikin waɗanda suka riga suka tsallake binciken ƙafa.

Abu ɗaya da ke ba masu sayen dukushi mamaki: dawakin da ke yin fari da girma, yawancinsu da duhu ake haihuwarsu. In ka ga fararen gashi sun fara fitowa a kewayen ido da hanci, wannan baƙin ba zai zauna ba, nan da 'yan shekaru hurde za ka gani a bargarka. Mai jan fata a hanci kuma rana kan ƙona shi. Maganar cewa farin kofato ya fi baƙi rauni ba ta da tushe.

Wanda na gani ya yi ƙiba, jikinsa sai sheƙi. Ba alamar lafiya ba ce?

Ƙiba na rufe aibi, kuma ana iya ɗura wa dukushi hatsi na 'yan makonni don kasuwa. Nauyin da ya wuce kima a kan gaɓoɓin da ba su ƙosa ba yana jawo kumburi. Ana so ka ji haƙarƙari da hannu amma kada ka ƙirga su da ido.

Ka tambayi abin da yake ci. Dusa na da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Dukushin da aka rena da dusa zalla, jikinsa kan zaro kalsiyam daga ƙashi, sai ƙasusuwan fuska su kumbura a tsakanin ido da hanci, muƙamuƙi ya yi kauri, ya riƙa ɗingishi yau a wannan ƙafa gobe a waccan. Wasu na ganin wannan kumburin su ce dokin na da babban kai. Cuta ce. Harawar wake da ta gyaɗa na da kalsiyam, su ke daidaita dusar.

Yaushe zan fara hawansa?

Ba ranar da ka ga ya yi tsayi ba. Ƙashin gwiwa yakan gama haɗewa tsakanin shekara 2 da 2 da rabi, na gadon baya kuwa su ne na ƙarshe, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Ɗora wa ɗan shekara biyu ƙato da cikakken kayan hawa kamar aza rufi ne a kan ginin ƙasa tun bai bushe ba. Kafin shekara 3 a koya masa ragama, ɗaga ƙafa, linzami da sirdi ba mahayi. Daga 3 yaro marar nauyi ya hau shi kaɗan-kaɗan. Zamiya da kayan sallah su jira shekara 5.

Ta yaya zan gane halinsa a ɗan lokacin ciniki?

Ka je ba tare da an san da zuwanka ba, ka same shi a turke. Ka ga yadda yake karɓar wanda ke ba shi abinci. Ka taɓa kunnensa, ka shafa ƙarƙashin ciki inda majayi ke bi, ka kaɗa hula a gefensa. Dukushin da ya razana sannan ya dawo yana shinshina abin da ya tsorata shi zai horu. Wanda ya kwantar da kunne ya juyo maka da kuturi, ko ya ƙi a taɓa kansa, ya sha duka, kuma gyaransa aiki ne babba. Wanda ya yi laƙwas fiye da kima, leɓe a sake, ido a lumshe, ka dawo masa washegari da sassafe ka sake gani.

In ka yi niyyar saye, kira likitan dabbobi tun kafin kuɗi su fita daga hannunka. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa a nan cikin gari. A duba ido, a saurari zuciya da huhu, a auna zafin jiki, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 38.5, a kuma ɗebi jini saboda cutar da kaska ke sawa da sammore, don dukushin da ya fito daga nesa yana iya ɗauke da su bai nuna ba tukuna.