Cocin Kilpeck

Cocin Kilpeck, wanda cikakken sunansa Cocin Maryamu da Dauda Mai Tsarki, ƙaramar majami'a ce ta ɗarikar Anglikan a ƙauyen Kilpeck da ke gundumar Herefordshire, yammacin Ingila, kusa da iyakar Wales. Yana da nisan kimanin kilomita 14 kudu maso yamma da birnin Hereford. An gina shi wajajen shekarar 1140, kuma sunan da ya yi ya samo asali ne daga sassaƙar dutsen da ke jikinsa. Daudan da ake nufi wani waliyyin Kirista ne, ba Annabi Dauda ba. Ginin yana cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen tarihi da dokar Ingila ta kare.

Tarihi

Kafin Normawa daga arewacin Faransa su ci Ingila a 1066, yankin na cikin tsohuwar masarautar Ergyng ta masu jin harshen Wales, kuma akwai alamar an daɗe ana ibada a wurin. Wasu masana na ganin kusurwar arewa maso gabas ta babban zaure ragowar wani tsohon gini ce. Wasu ba su yarda ba.

Galibi ana danganta ginin yanzu da Hugh na Kilpeck, mai gidan sarautar da ke daf da cocin ta yamma, wanda yanzu sai tudu da guntayen bango. A 1143 cocin yana hannun gidan sufaye na Gloucester. Kamar sauran majami'un ƙasar, ya fita daga ƙarƙashin Fafaroma bayan 1534, zamanin Sarki Henry na Takwas. Ƙauyen ya yi ta raguwa tun daga ƙarni na 14, kuma ana ganin wannan koma baya ne ya ceci ginin, domin ba a samu mai kuɗin da zai rushe shi ya sake babba ba. An yi masa gyara a ƙarni na 19 da na 20.

Tsari da sassaƙa

Sassa uku ne a jere daga yamma zuwa gabas: zauren jama'a, sashen limamai, sai ƙuryar bagadi mai siffar rabin da'ira. Da jan dutse mai yashi na yankin aka yi shi. Ba shi da hasumiya, sai ɗan gurbin ƙararrawa a kan bangon yamma.

Ƙofar kudu ita ce abin kallo na farko. A ginshiƙanta akwai macizai masu kauri sun nannaɗe, kai na haɗiye wutsiya. A na hagu mayaƙa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, da huluna masu tsini, rassa sun sarƙe su. A kan ginshiƙin dama akwai fuskar da reshe ke fitowa daga bakinta. Allon dutsen da ke saman ƙofar na ɗauke da itace mai 'ya'ya, wanda ake kira itacen rai, lanƙwasasshen gini mai siffar bakan gizo da ya rufe shi kuma cike yake da tsuntsaye da kifaye da dodanni da mala'ika guda.

A ƙarƙashin bakin rufi, kewaye da ginin gaba ɗaya, an jera duwatsun tallafi, kowanne da irin sassaƙarsa. Guda 85 suka rage daga kusan 90. Cikinsu akwai kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, da mai goge, da mutum biyu rungume da juna, da ɗan rago riƙe da gicciye wanda ya fi kama da doki. Akwai kuma siffar mace tsirara da ta fi sauran suna. Ma'anarta abin saɓani ce. A bangon yamma kawunan dodanni uku sun leƙo da dogayen harsuna a naɗe, salon da ake alaƙantawa da mutanen Sikandinebiya.

A ciki, bakan gizon sashen limamai yana da mutane uku a kowane gefe, a kan juna, da ake ɗauka manzannin Yesu ne. Ana kwatanta wannan tsari da na cocin Santiago de Compostela a Sifen. Kwarmin baftisma babba ne ƙwarai, akwai kuma wani kaskon ruwa da aka sassaƙa hannaye biyu rungume da cikinsa.

Ziyara

Ana ratsewa zuwa ƙauyen daga hanyar A465 da ta tashi daga Hereford zuwa Abergavenny. Cocin kan kasance a buɗe da rana, da akwatin gudummawa a ciki. Har yanzu ana ibada a cikinsa a ƙarƙashin dayosis (yankin bishop) ta Hereford, don haka a kiyaye lokacin addu'a.

An fi gane ginin idan aka fara daga waje: a tsaya a ƙofar kudu, a kewaya ana duban duwatsun tallafi ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga. Madubin hangen nesa yana da amfani, saboda duwatsun suna sama da kai. Hasken da ke faɗowa a kaikaice ya fi fito da zurfin sassaƙa. Ɓangaren arewa kuwa kusan kullum a inuwa yake. Kada a taɓa sassaƙar da hannu.

Kulawa

Babban abokin gaban jan dutse shi ne ruwa. Idan indararo ya toshe, ruwa ya shiga dutsen, sanyin hunturu ya mai da shi ƙanƙara, sai fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Cike tsakanin duwatsu da siminti yana ƙara ɓarnar, domin ya fi dutsen tauri kuma yana tsare danshi a ciki; kwaɓin farar ƙasa ake so. Dokar Cocin Ingila ta wajabta wa ƙwararre duba kowane cocin unguwa duk shekara 5, kuma ba a yin babban gyara sai da izinin kotun dayosis. Kuɗin aikin a wuyan majalisar cocin yake.