Haɗewar kamfanonin inshorar lafiya ba ta rage maka kuɗi

A majalisarmu ta Tudun Wada wani dattijo ya ce da ni: "Malam, in babban kamfanin inshora ya haɗiye ƙanana, ai talaka ya huta, kuɗi zai sauka." An daɗe ana faɗar haka a Kaduna, amma ba haka abin yake ba.

Gaskiya ne in kamfani ya ƙasaita yana iya matsa wa asibitoci su rage farashi, tunda marasa lafiya da yawa a hannunsa suke. To, ragin aljihun wa yake shiga? In babu kishiya a kasuwa, ba abin da zai sa ya raba ribar da kai. Dalilin ke nan a 2017 kotunan Amurka suka hana manyan kamfanonin inshorar lafiya haɗewa: suka hana Aetna sayen Humana, suka kuma hana Anthem sayen Cigna, don kada gasa ta ragu.

Abin da ya fi damuna shi ne tara komai a hannu ɗaya. A 2022 UnitedHealth, babban kamfanin inshorar lafiya na Amurka, ya sayi Change Healthcare, kamfanin da takardun neman kuɗin asibitoci da kantunan magani ke bi ta cikinsa. A Fabrairun 2024 masu kutse suka shiga kwamfutocin Change Healthcare, biyan asibitoci da dama ya tsaya cak har tsawon makonni.

Na taɓa wuni a bencin asibiti, kati a hannu, ɗana na zazzaɓi, ina jiran kamfani ya turo lambar amincewa. Ranar na ƙudurta sauya kamfani, na kuwa samu wani. Da guda ɗaya ne a garin, da ban da wurin zuwa.